Ƙawanya a Wuyan Anaruwa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa sammai bisa sammai, ya watsa duniyoyi a cikinsu kamar gero a faifai, ya ba kowace duniya ranarta, ya ba kowane baki harshensa. Ku matso, ku da tafiya ta sauke a wannan zango, ku ji abin da ya sami Nomau ɗan Anaruwa, mutumin Gulbin Tama. Ni ne Nomau. Abin da zan faɗa da ƙafata na taka shi, da idona na gan shi.

Gulbin Tama birni ne a wata duniya mai jan sama, can bayan taurarin da kakanninmu suka ratsa da kumbo a zamanin ƙaura. Ba mu da zinariya, gonakinmu ma ba wani abin kirki suke bayarwa ba. Abin da aka san mu da shi shi ne labarin gobe, wato labarin na'urorin da ba a ƙera ba tukuna, da duniyoyin da ba a taka ba, da abin da zai sami ɗan Adam in ya isa can. Bayan la'asar jama'a kan cika dandali, mai labari ya hau dakali ya yi ta zubawa har rana ta yi ja. Saboda darajar sana'ar, dokarta ta yi tsanani. Kowane labari na mai shi ne. Wanda aka kama ya ɗauki na wani sai a sa masa ƙawanya a wuya, wani siririn zobe na baƙin ƙarfe mai shanye murya. Mutum zai ci, zai sha, zai yi numfashi, amma ko tari ya yi ba a ji. Kuma ba ta buɗewa sai ainihin mai labarin ya furta da muryarsa cewa ya yafe.

Mahaifina Anaruwa mai labari ne, ba na sahun gaba ba. Mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwar ƙanwata Lantana, shi ya raine mu. Har goya ta yakan yi da zane ya tafi rijiya, mata suna dariya yana dariya. Sai da Lantana ta zama budurwa sannan ya fito da labarin da ya daɗe yana juyawa a ransa, labarin Uwar Ƙarfe.

Wani kumbo ne annoba ta kashe duk mutanen cikinsa, ba wanda ya rage sai jariri guda da wata mace ta ƙarfe da aka ƙera don shara da wanki. Ita ta raini yaron. Da yake ta taɓa jin uwarsa tana yi masa waƙa, sai ta riƙa lallashinsa da muryar marigayiyar, har ya girma bai san maraya ba ne. Ranar da suka iso duniyar mutane, ta faɗa masa gaskiya da muryarta ta ƙarfe, ta tura shi waje, ta rufe ƙofa.

Ranar da Baba ya faɗe shi a dandali, na ga manyan maza suna share ido da hannun riga. Ba a daɗe ba Cindo, Sarkin Labari, ya kira shi gaban dattawa. Wani falke ya rantse cewa ya taɓa jin labarin macen ƙarfe da jariri a cikin mataccen kumbo a wata duniya da ake kira Sarƙaƙiya.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa barin garin nan ba. Da 'yata a bayana na fara tunaninsa."

Cindo ba mugu ba ne. Ya ce, "Anaruwa, ban ce da gangan ka yi ba. Wataƙila ka ji shi kana yaro ka manta. Amma ka san dokar ba ruwanta da niyya."

Aka sa masa ƙawanya a gaban mutane. Ya waiga ya buɗe baki zai kira Lantana, leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito.

Na yanke shawara zan bi sawun labarin har in isa ga wanda ya fara shi, ko ya yafe, ko ya shaida ba nasa ba ne. Da safen da zan tafi Lantana ta tare ni a zaure.

Ta ce, "Yaya, in ka tafi wa zai riƙa yi masa hira? Ka san ni ban iya zance ba."

Na ce, "Ba daɗewa zan yi ba."

Baba ya riƙe mini hannun riga yana girgiza kai. Na durƙusa na gaishe shi, na zare rigata a hankali, na fita.

Na sami aikin goge-goge a wani kumbon fatake mai dakon gishiri da iri. Matuƙan in sun sami sarari sai hira, kowa ya kawo labarin garinsu. A wajensu na ji na tururuwan ƙarfe, waɗanda in ka fasa ɗaya kowane ɓarɓashi sai ya tashi ya zama sabuwa. Na lura ba mai tambayar wa ya ƙirƙiri me. Wannan ya faɗa, gobe wancan ya maimaita ya ƙara nasa gishiri. Abin ya ba ni tsoro, na riƙa kallon wuyansu.

Sarƙaƙiya ba ta da ƙasa. Itatuwa ne da ba a ganin ƙarshensu, saiwoyinsu a cikin wani teku mai tafasa, mutane sun rataye gidajensu a rassa kamar sheƙar tsuntsu, gadojin igiya sun haɗa unguwa da unguwa. Abin da ya fi ba ni mamaki, ko allurar ƙarfe babu a garin. Da ƙashi da ƙaya suke ɗinki. A kasuwa na ji dalili, a bakin wata mai labari. Kumbon nan ne dai, jaririn nan ne dai, amma a nasu macen ƙarfen ce ta zuba guba a iskar kumbon don yaron ya zama nata ita kaɗai. Tun da kakanninsu suka ji haka suka tattara duk wani ƙarfe suka watsa a teku. Na tambaye ta wa ya ƙirƙiri labarin. Ta ce, "Gado ne. Haka muka tarar."

Ina cikin wannan baƙin ciki na ji garin ya ɗauki hayaniya. Akwai wata tsohuwa, Dudu, kullum cikin lulluɓi, wadda ta daɗe tana yi musu ungozoma da jinyar marasa lafiya. A ranar wani yaro ya zame daga gada, ta miƙa hannu ta cafe shi, igiya ta yage mata fata, ƙarfe ya bayyana. Kafin azahar sun sa ta a kejin gora sun rataye ta saman teku. Uwar yaron tana tsaye a gefe, ɗanta a ƙirji, hawaye na zuba, amma ba ta hana su ba.

Na rarrafa bisa reshe har kusa da kejin. Na ce, "Inna, wa ya ƙera ki?"

Ta juyo. Idanunta kamar na mutum, sai dai ba sa ƙiftawa. Ta ce, "Wata mata ce a Kogon Maƙera, sunanta Hakama. Ta ce daga cikin labari ta ciro ni."

Na sauko da gudu na tsaya gaban Sarkin Gada, wanda ke riƙe da wuƙar ƙashi zai yanke igiyar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne ni, mai labari daga Gulbin Tama. Ka ba ni dama in faɗi abin da na sani kafin ka yanke."

Sunan garinmu ya sa ya dakata. Na ce musu ƙarafan da kakanninsu suka zubar matattu ne, fartanya da tukunya, amma wannan mai rai ce. Na ɗauko labarin tururuwan nan na matuƙa, na canza masa kaya. Na kwatanta yadda zafin teku zai farfasa ta, kowane gutsure ya tsiro ƙafafu, su yi ta haihuwa a ƙarƙashin ruwa, wata rana su biyo saiwa su hauro, gida gida. Ban gama ba mata suka fara janye 'ya'yansu daga bakin gada. Mutanen da labari ya raba da allura ba su da wuyar tsorata da labari.

Sarkin Gada ya ce, "To yaya za mu yi da ita?"

Na ce, "A fitar da ita daga duniyarku ɗungurungum. In kun yarda ni zan ɗauki wannan wahala."

Suka ja kejin, suka raka mu har tasha da sanduna. Da kumbo ya tashi Dudu ta gyara lulluɓinta ta ce, "Ɗan nan, labarin da ka ba su naka ne?"

Na ce, "A'a. Na matuƙa ne."

Ta ce, "To Allah ya saka wa matuƙa." Sannan ta ce, "Akwai mace biyu a unguwar ƙasa da watansu ya tsaya. Ban san wa zai karɓi haihuwarsu ba."

Ni kuwa hannuna na kai wuyana na shafa.

Kogon Maƙera wani wata ne, irin na sama, da aka rarake cikinsa. In ka shiga, ƙasa takan lanƙwashe ta hau sama, ka ɗaga kai ka ga gonaki da shanu a bisa kanka, mutane suna tafiya kai a ƙasa ba sa faɗowa. A tsakiya wata doguwar fitila ce ke yi musu rana. Muka sami Hakama a bayan maƙerarta, tsohuwa tukuf, hannu na rawa, an daɗe da karɓe mata guduma. Tana ganin Dudu ta gane ta.

Ta ce, "Ke ce ta fari. Har yanzu ƙafar hagun tana yi miki ƙara?"

Dudu ta durƙusa ta ce, "Tana yi, Uwa."

Na kwashe labarina na faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ɗana, ina yarinya na ji labarin macen ƙarfen nan, tun ba a haifi kakanka ba. Wani mai labari ne mai yawo, Gagare, ya sauka a nan. Amma a nasa macen ƙarfen bebiya ce. Ni na ga bai kamata mai raino ta rasa baki ba, da na girma na ƙera ta sai na sa mata. Fatake suka ga irinta, suka tafi suna ba da labarinsu, wasu suka ji suka ƙera nasu, wasu suka ji suka tsorata. Yau ko ni ban san wanne ya haifi wanne ba."

Na ce, "Ke nan mai labarin ya daɗe a kabari."

Ta ce, "Yana nan da ransa. Ya tare a bakin Baƙar Rijiya."

Ta bayyana mini cewa Baƙar Rijiya wani mataccen tauraro ne mai haɗiye haske, kuma a kusa da shi lokaci rarrafe yake yi. Wanda ya yi hira guda a can, in ya fito sai ya tarar jariran garinsu sun yi aure.

Dudu ta ce, "Nomau, koma gida. Mahaifinka ya rasa murya, kada ya rasa ɗa."

Na ce, "Inna, in na koma hannu biyu me zan ce masa? Kalma ɗaya ce zan karɓo. Shiga zan yi in fito."

Hakama ta dube ni ta daɗe. Ta sa aka ba mu wani ɗan ƙaramin kumbo, ta ce Dudu ta bi ni, don duk muryar da ta ji tana iya maimaita ta yadda ko ƙawanya ba za ta bambance ba. Ta ce, "In ka isa kada ka zauna. Kada ka karɓi ruwa. A tsaye za ka faɗi abin da ya kai ka."

Ban san yadda zan kwatanta muku Baƙar Rijiya ba. Wani baƙi ne da ya fi rufe ido, kewaye da zoben wuta. Da muka matsa kusa haske ya fara lanƙwashewa, har na hango ƙeyata a gabana. Taurarin da muka bari a baya suka fara gudu kamar tartsatsi. A kan wani dutse mai kewaya bakin ramin muka ga gida guda ƙarƙashin rumfar gilashi, da wani mutum mai furfura kaɗan yana ba yakuwa ruwa. Ko Baba ya girme shi a ido.

Na yi sallama, ya amsa, ya jawo tabarma. Na ce, "Gafarta, Malam, ba zan zauna ba."

Ya ce, "Duk wanda ya zo haka yake cewa. Ni na zo nan ne don in ga gobe da idona, na gaji da faɗinta da baki. Kafin in gama karin kumallon farko, duk wanda na sani ya mutu. To, me ke tafe da kai?"

Na faɗa masa a gurguje, na roƙe shi ya ce ya yafe.

Ya ce, "Yaya zan yafe abin da ban ji ba? In na ce na yafe, na yarda nawa ne ke nan. In kuwa ba nawa ba ne na ƙara wa mahaifinka ƙazafi a kan ƙazafi. Faɗa mini labarin."

Na fara, ina tsallake, ina haɗiye kalmomi, idona a kan taurarin da ke tsere a bayan gilashi. Da na zo wajen waƙar sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Dakata. Da muryar wa take lallashinsa?"

"Da muryar uwarsa."

"Koma baya. Faɗa mini yadda shi yake faɗa."

Na ji kamar in fashe da kuka. Amma na koma, na faɗa yadda Baba ke faɗa, da inda yakan sassauta murya, da inda yakan yi shiru. Da na kai inda ta rufe ƙofa, Gagare ya ajiye butarsa ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Kumbon da annobar a bakin wani makaho na same su, a wata tasha da na manta sunanta. Jaririn da mai rainonsa kuwa tatsuniyar kakata ce, a can barewa ce ta shayar da maraya. Ni ƙarfe kawai na sa mata. Amma wannan muryar, ban taɓa jin ta a ko'ina ba. Wanda ya yi wannan ya taɓa riƙe jariri mai neman uwa, ya rasa abin da zai ba shi."

Ya juya ga Dudu ya ce ta riƙe abin da zai faɗa. Ya ce, "Ni Gagare, ina shaida wa mutanen Gulbin Tama cewa in akwai nawa a labarin Anaruwa na yafe, ko da yake ni ma aro na yi. Kuma ina roƙon Anaruwa ya ara mini muryar uwar, in Allah ya sa na sake tsayawa gaban mutane."

Ban tsaya sallama ta kirki ba, na ja Dudu muka shiga kumbo. A nan ne Rijiyar ta nuna mana halinta. Injin ya yi ta kuka, kumbon na karkarwa, amma ko taki ba mu ci gaba ba, ja da baya ma muke yi. Muka fara zubar da kaya. Kujeru suka tafi, akwatin kayan gyara ya tafi, abinci ya tafi, ruwa ya tafi sai ɗan abin jiƙa maƙoshi. Kumbon ya tsaya cak, ba gaba ba baya. Taurari kuwa suna ta gudu.

Sai na ji ƙarar kwance ƙusa a bayana. Na waiga na ga Dudu zaune a ƙasa tana kwance ƙafarta daga cinya.

Na ce, "Inna, me kike yi?"

Ta ce, "Su suka fi komai nauyi a nan. Shaidar a kaina take. Zo ka kama mini ta hagun, ta cije."

Da hannuna na tura ƙafafunta cikin duhu. Kumbon ya yi wani nishi, ya fizge, muka fita.

Da muka koma Kogon Maƙera, inda maƙerar Hakama take an yi makaranta. Wani dattijo ya ce yana jin kakarsa tana ambaton sunan. Ban tambayi shekara nawa ba, ban so in ji. Na sami zane na goya Dudu a baya, muka shiga kumbon da ya nufi gida. Kumbon wani iri ne da ban taɓa gani ba, Hausar matuƙan ma ta ɗan karkace. Amma hira tana nan. Wata rana ɗayansu ya kawo labarin wani saurayi da ya tafi bakin Baƙar Rijiya neman muryar ubansa. Ya ce yaron bai dawo ba, Rijiya ta haɗiye shi. Wani ya ce ƙarya ne, a garinsu ya dawo ya tarar da birnin ya zama kufai. Wata mata mai kula da inji ta ce ita yadda ta ji, ya dawo da muryar a cikin kwalba, uban ya sha ya yi magana. Suka yi ta musu suna dariya.

Na ce, "Daga ina labarin nan ya fito?"

Matar ta ce, "Daga Gulbin Tama. An ce da kalangu aka fara faɗinsa." Ban gane abin da take nufi ba. Dudu ta sa hannu ta dafa kafaɗata, ba ta ɗauke ba har suka tashi.

Da hantsi muka sauka. Dandali yana nan, amma an yi masa rumfa. Yara suka biyo ni suna kallon ƙato da goyon tsohuwa. Ban ga fuska ɗaya da na sani ba. A ƙofar gidanmu wata tsohuwa ce zaune tana tsince wake, kanta fari fat, bayanta ya ranƙwafa. Na yi sallama, na buɗe baki zan tambaye ta mutanen gidan. Ta ɗago ta ƙura mini ido. Faifan ya zame daga cinyarta.

Ta ce, "Yaya."

Na durƙusa a gabanta. Ta shafa fuskata ta ce, "Ko gemunka bai cika ba."

Ba sai na tambaya ba. Ta ce Baba ya daɗe da rasuwa, ya yi tsawon rai, ya ga jikokinta. Da ƙawanyar aka binne shi, don ba maƙerin da ya iya buɗe ta. Na ce ta kai ni. Ta ɗauki sandarta, muka tafi a hankali har maƙabarta bayan ganuwa, inda ta nuna mini wani ɗan tudu da ciyawa ta rufe, da fasasshen tulu a kansa.

Muka yi masa addu'a. Na kwance Dudu na zaunar da ita a gefen kabarin. Ta buɗe baki, muryar Gagare ta fito, da furfurarta da gajiyarta, ta faɗi shaidar daga farko har ƙarshe, har da roƙon aron. Na kasa kunne ko zan ji wani motsi daga ƙasa. Iska ce kawai a cikin ciyawa.

Lantana ta ce, "Da ya ji wannan roƙon da ya yi dariya. Da ya ba shi."

Ta zauna a kan dutse ta ba ni sauran labari. Bayan tafiyata Baba ya daɗe ba ya fita. Sai wata rana ya sayo kalangu, ya yi ta koyo a ɗaki har kalangun ya fara magana a hannunsa. Dokar dai murya kawai ta hana, ba ta ce komai a kan fata da tsirkiya ba. Ya koma dandali, ya hau dakali, ya kaɗa musu sabon labari, na ɗan da ya tafi neman muryar ubansa.

Ta ce, "Rijiyar da ke cikin labarin ma ba tasa ba ce. Cindo yana da wani tsohon labari na tauraro mai cin lokaci, daga nan ya ɗauko. A gaban kowa ya nuna Cindo da sandar kiɗa, don a san inda ya samo. Cindo ya sunkuyar da kai. Kafin shekara ta zagayo kowa a garin nan yana faɗinsa, har fatake suka tafi da shi. Dattawa suka ga in za a bi doka sai a sa wa gari duka ƙawanya. Tun daga nan ba a ƙara sa wa kowa ba. Tasa ce ta ƙarshe."

Na ce, "Ya san can na tafi?"

"Bai sani ba. Ya dai san halinka. Ya san ba za ka tsaya ba sai inda hanya ta ƙare."

Na daɗe ina kallon tudun. Sannan na faɗa mata abin da na ji a kumbo, yadda kowa da irin ƙarshen da ya sani. Na ce, "Lantana, shi yaya ya ƙare shi?"

Ta ce, "Bai taɓa ƙarewa ba. Yakan kaɗa har inda yaron ya iso ƙofar gida ya yi sallama. Sai ya ɗaga sandar, ya tsaya, yana kallon hanyar tasha. Mutane su yi ta jira. Can sai ya sauke kalangun ya rataya a kafaɗa, mu tafi gida. Haka yake yi kullum, har ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya sa kowa ya sa masa ƙarshen da ya ga dama."

Dudu ta miƙa hannu ta cire wata ciyawa da ta tsiro a bakin tulun, ta gyara masa zama.

Rana ta take. Lantana ta dogara sandarta ta yunƙura, ta kasa. Ta ce, "Ɗauki baƙuwarka mu koma, ba ku ci komai ba. Ka riƙe ni, Yaya, ƙafafun nan sun daina jin magana."

Na goya Dudu, na ɗaure zanen a ƙirji, na ba ƙanwata hannu. Muka kama hanyar gari a hankali, muna tsayawa tana hutawa.

Iyakar abin da ya sami Nomau ɗan Anaruwa ke nan. Wanda ya ji, in ya tashi daga zangon nan ya tafi da shi duk inda ya nufa. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya sada kowane matafiyi da mutanen gidansa suna raye.